Godiya Ga Waɗanda Suka Tsaya Mana A Jinyar Gimbiya

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Alhamdulillahi, kyanwarmu Gimbiya ta farfaɗo daga aikin haƙoran da aka yi mata, ta dawo gida, kuma jiya da yamma ta cinye abincinta da kanta ba tare da ta karkatar da kai gefe ɗaya ko ta zubar da loma ba, abin da rabona da in gani ya fi wata biyu. Ina rubuta wannan saƙo jikina duk a mace, domin kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba, amma na ga bai dace gari ya sake wayewa ban yi godiya ba. Ba zan maimaita labarin ba, tun da yawancinku kun bi shi tun ranar da na fara neman shawara a kan warin bakinta da yawun da take dalalarwa. An cire mata haƙora huɗu daga cikin 30 da Allah ya hore wa kyanwa, an kankare dattin da ya daskare kamar dutse a jikin sauran, an ɗinke dasashi da zaren da ke narkewa da kansa.

Waɗanda suka san gidanmu sun san cewa Gimbiya ba tawa ba ce tun asali. Kyanwar Hajiyarmu ce, Allah ya jiƙanta da rahama, ita ta tsince ta tana 'yar jaririya a bayan ɗakin girki shekara 14 da suka wuce, kuma har Hajiya ta bar duniya a gefen dardumarta take kwana. Likita ya ce shekara 14 a kyanwa daidai yake da mutumin da ya haura saba'in. Wannan lissafi shi ne ya hana ni sukuni, domin abin da ya tsaya mini a rai tun farko ba cire haƙorin ba ne, allurar barcin ce. Na yi ta tambayar kaina, idan na miƙa ta da hannuna aka sa ta barci ba ta tashi ba, da wane ido zan dubi amanar da aka bar mini?

Godiyata ta farko, bayan ta Ubangiji, ga likitan da ya duba ta a asibitin dabbobi da ke Samaru a Zariya take. Bai raina tambayoyina ba, ko da yake na maimaita wasu har sau uku. Na roƙe shi ko za a iya yin aikin tana farke, sai ya bayyana mini cewa ciwon yana ƙarƙashin dasashi ne, a saiwar haƙori, inda ba kyanwar da za ta tsaya a taɓa mata, kuma ruwan wanki da ɓarɓashin datti suna iya faɗawa huhunta idan ba a sa mata bututu a maƙogwaro ba. Ya ce ba yawan shekarun ne abin dubawa ba, lafiyar ƙoda da hanta da zuciya ita ce. Don haka aka ɗebi jininta aka gwada kafin a sa rana. Da sakamakon ya nuna ƙodarta ta fara rauni kaɗan, kamar yadda yakan faru ga tsofaffin kyanwoyi, bai ɓoye mini ba, ya ce za a rage yawan maganin, a yi mata ƙarin ruwa tun daga farko har ƙarshe. Bai yi mini alkawarin abin da ba ya hannunsa ba, kuma wannan gaskiyar ce ta sa na iya sa hannu a takardar amincewa. Maganarsa guda kuwa har yanzu tana cina: ya ce kyanwa gwanar ɓoye ciwo ce, watakila ta daɗe tana fama kafin mu lura. Allah ya yafe mana sakacinmu.

Daren jajibirin aikin an hana ta abinci, kamar yadda ƙa'ida ta tanada, don kada ta yi amai a cikin barcin. Da asuba ta zo ta zauna a gaban kwanonta tana kallona tana kuka a hankali, ni kuwa sai hadisin matar nan da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ta nemi abincinta ba, ya faɗo mini a rai. Na san ba ɗaya ba ne, amma na zauna a ƙasa na yi kuka. Maigida ne ya ce mini, "Ki yi haƙuri, wannan hani na jinƙai ne, kuma Allah yana ganin niyya." Allah ya saka masa da alheri.

Abin da nake so in daɗe a kansa shi ne abin da ya faru bayan an gama. Na shafe fiye da awa ɗaya da rabi a kan benci ina jan carbi, iskar hunturu tana kaɗawa, kafin aka ce in shigo. Da na gan ta, ƙafafuna suka kasa ɗaukata. Tana kwance a miƙe, harshe ya ɗan leƙo, idanu a buɗe suna ƙyalli saboda man da aka shafa musu don kada su bushe, ba ta ko motsi. Wallahi na ɗauka ta tafi, har na fara salati. Sai wata ɗaliba da ke koyon aiki a wurin, yarinyar da ba za ta wuce sa'ar 'yata ta fari ba, ta kama hannuna ta ce, "Mama, kawo hannunki nan." Ta ɗora tafina a kan haƙarƙarin Gimbiya, sai na ji zuciyar tana bugawa da sauri-sauri, kamar yadda ta kyanwa take, kusan ninki biyu na ta mutum. A lokacin ne na lura da abin da aka lulluɓe ta da shi. Rigar sanyin yarinyar nan ce, ta cire daga jikinta, ta jera gorunan ruwan ɗumi da aka naɗe da tawul a gefe da gefe, domin maganin barci yana saukar da zafin jiki, tsohuwar dabba kuwa ba ta saurin mayar da shi. Zafin jikin kyanwa mai lafiya tsakanin digiri 38 da 39 yake, ta yi ta aunawa tana rubutawa har ya koma daidai. Ita kanta tana makyarkyata, amma ba ta matsa ba har Gimbiya ta ɗaga kai ta lashi hancinta. Ban ma tambayi sunanta ba saboda ruɗewa. 'Yata, idan wannan saƙo ya kai gare ki, Allah ya lulluɓe ki da rahamarsa kamar yadda kika lulluɓe baiwar Allahn nan, Allah ya ba ki sa'ar karatu, ya ba ki abokin zama nagari, ya sa iyayenki su ci moriyarki, ya haɗa ki da mai ji ƙanki ranar da kike bukata.

Na san masu alheri ba su son a ambace su, amma sai dai su yi haƙuri da ni. Autarmu, wadda ta bar shagonta ta raka ni, ita ce kuma ta cika kuɗin gwajin jini ba tare da na furta ba. Maƙwabcinmu mai adaidaita sahu, wanda ya ɗauke mu daga Tudun Wada tun kafin rana ta fito, ya bi da mu ta Kwangila a hankali yana kauce wa ramuka saboda kwandon da ke cinyata, ya jira mu har azahar, ya kuma ƙi karɓar ko kwabo a kan jiran. Sai 'yar'uwar nan ma'aikaciyar jinya da ta kira ni cikin dare lokacin da wani ya ba ni shawarar in jiƙa mata rabin ƙwayar farasitamol. Ta ce kada in kuskura, hantar kyanwa ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya guda tana iya kashe ta. Ƙwayar tana hannuna lokacin da wayar ta shigo. Allah ya tsare ki da zuriyarki daga dukan sharri, ya sa wannan kira ya zama haske a kabarinki bayan tsawon rai.

Ina kuma godiya ga duk wanda ya yi mana addu'a, na kusa da na nesa, har da waɗanda ban taɓa gani ba. Akwai 'yan'uwa na jini da suka san matsayin Gimbiya a wurin Hajiya, suka sha ganinta kwance a ƙafarta, amma ko kira ban samu daga gare su ba, wata ma cewa ta yi, "Kyanwa ce fa." Ban riƙe kowa ba, sai dai abin ya sosa mini rai, domin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sanar da mu cewa akwai lada a kyautata wa duk mai rai. Allah ya haɗa kanmu.

Ga masu tambayar yadda za ta ci abinci, likita ya ce kada mu damu, kyanwa ba ta cika tauna ba dama, yanka take yi ta haɗiye, kuma baki marar ciwo ya fi mata baki cike da ruɓaɓɓun haƙora. Yanzu tana kan abinci mai laushi, dafaffen kifi da naman kaza da aka cire wa ƙashi aka dama da romo, tare da maganin rage zafin da aka rubuta mata daidai da yanayin ƙodarta. An gargaɗe mu kada mu goge mata baki da man goge haƙori na mutane. Nan da mako biyu za mu koma a duba ɗinkin, daga baya kuma a sake gwajin ƙoda. Ina roƙon ku ci gaba da sa ta a addu'a, ku kuma sa Hajiyarmu, Allah ya kai haske kabarinta, ya gafarta wa iyayenku baki ɗaya. Amin summa amin.