Yadda na tsare sabuwar kwamfutar gida daga bairos da manhajojin leƙen asiri

Ina kunna sabuwar kwamfutar, abin da ya fara tarbata shi ne wata manhajar riga-kafi da masu ƙera ta suka haɗo da ita, tana cewa kariyarta ta kwana 30 ce, in sa lambar kati in ci gaba. Ban sa ba, ban kuma cire ta nan take ba. Na fara da Windows Update, na yi ta sabuntawa ina sake kunna kwamfutar har sai da ta ce babu saura. Sau uku na zagaya, domin kwamfutar da ta yi watanni a kwali tana da gyare-gyare da yawa da suka wuce ta. Wannan matakin ya fi kowace manhaja da za ka saya. WannaCry, wadda ta kulle kwamfutoci a ƙasashe da dama a watan Mayun 2017, ta bi ta wata kafa ce da Microsoft ya riga ya toshe tun watan Maris na shekarar; waɗanda ba su sabunta ba ne ta cinye.

Sai maganar zaɓi. Windows 11 yana zuwa da nasa mai gadin, Microsoft Defender, kyauta. Don in san matsayinsa ban saurari talla ba, na duba sakamakon cibiyoyi biyu masu zaman kansu, AV-TEST ta Jamus da AV-Comparatives ta Ostiriya. AV-TEST tana auna abu uku, kowanne maki 6, jimla 18: ƙarfin kama cuta, yadda manhajar ke nauyaya kwamfuta, da yawan ƙararrawar ƙarya da take bugawa a kan fayil mai lafiya. Na ukun nan ne ake rainawa, alhali manhajar da ke yawan ihu ba dalili ita ce mutanen gida ke gajiya da ita su kashe. Na bi sakamakon watanni da yawa a jere, ba na wata ɗaya ba, na ga Defender ya daɗe yana kafaɗa da kafaɗa da waɗanda ake biya. A nan na tsaya a kansa.

Wanda ke da kwamfutoci da wayoyi da yawa a gida, yana son kula da su daga wuri ɗaya, ko yana buƙatar ma'ajiyar kalmomin sirri a haɗe, zai iya sayen irin su Bitdefender, ESET ko Norton. Abin dubawa kafin biya shi ne na'ura nawa lasisin ya ɗauka, da kuɗin shekara ta biyu, domin ragin shekarar farko ne ake nunawa da manyan baƙaƙe, sabuntawa kuma kai tsaye take cirewa daga kati in ba ka kashe ta ba. Na kyauta kuwa a karanta me suke yi da bayananka. A 2024 hukumar kare masu saye ta Amurka, FTC, ta ci Avast tarar dala miliyan 16.5 saboda sayar da bayanan shafukan da masu amfani da ita ke ziyarta.

Cire manhajar gwajin na buƙatar kula. Defender yana ja da baya da kansa muddin wata manhajar riga-kafi ta yi rajista a kwamfutar, ya kuma dawo idan ta tafi. Amma cirewa ta hanyar da aka saba takan bar ɓurɓushi, ɓurɓushin nan kuma kan sa Windows ya zaci tana nan. Na cire ta, na sauko da manhajar sharewa ta musamman daga shafin kamfanin da ya yi ta, na sake kunna kwamfutar, sannan na buɗe Windows Security na shiga Virus & threat protection na tabbatar sunan Defender ne ke bakin aiki.

A cikin saitunansa na tabbatar abu uku a kunne suke: gadi na kowane lokaci, kariya ta intanet wadda ke tambayar Microsoft labarin sabon fayil, da Tamper Protection, wanda ke hana muguwar manhaja kashe mai gadin. A ƙarƙashin App & browser control na kunna toshe manhajojin da ke maƙalewa a jikin wasu, irin masu sauya shafin farko na burauza su cika ta da talla. Sau da yawa leƙen asirin da ke shiga kwamfutar gida ta nan yake shiga, mutum yana ta danna "na yarda" bai karanta ba.

Controlled folder access a kashe yake zuwa. Aikinsa hana baƙuwar manhaja taɓa takardu da hotunanka, wato maganin masu kulle fayil su nemi kuɗin fansa. Na kunna shi, washegari manhajar na'urar ɗaukar hoton takarda ta ƙi ajiye komai, ba ta kuma faɗi dalili ba. A Protection history na ga shi ne ya tare ta, na ba ta izini ita kaɗai, aiki ya ci gaba. Duk wanda ya kunna shi ya shirya wa irin wannan a makon farko.

Da can, manhajar kama leƙen asiri daban take da ta bairos. Yanzu guda ɗaya ke yin duka. Duk da haka na ajiye Malwarebytes ta kyauta don ido na biyu, ina kunna ta sau ɗaya a wata. Tana farawa da gwajin 'yan kwanaki wanda ke kunna nata gadin na kowane lokaci, sai na kashe shi tun ranar farko. Masu gadi biyu a lokaci ɗaya ba sa ninka tsaro. Kowanne yana riƙe fayil ya bincika kafin a buɗe shi, sai su yi ta ja-in-ja, kwamfuta ta yi nauyi, wani lokaci ɗaya ya kama abin da ɗayan ya killace.

Ban yarda komai na aiki ba sai da na gwada. Akwai fayil ɗin gwaji na EICAR, haruffa 68 ne kawai, ba ya cutar da komai, amma an yi ittifaƙi, yawancin manhajojin riga-kafi suna ɗaukar sa tamkar bairos. Ina sauko da shi daga shafinsu Defender ya cafke shi kafin in kai ga buɗewa.

Na buɗe wa kowa a gidan asusu na talakawa, na bar asusun mai iko da kalmar sirri a hannuna, ta yadda yawancin manhajoji ba za su girku ba sai an tambaye ni. Na sa Windows ya riƙa nuna ƙarshen sunan fayil, don a gane "rasit.pdf.exe" manhaja ce ta yi shigar takarda. Na kuma ja kunnen kowa kan abu biyu. Saƙon da ke tasowa daga burauza yana cewa an gano bairos, a kira wata lamba, ƙarya ne; a rufe shafin, a janye masa izinin turo sanarwa. Sannan duk manhajar sata da ta ce a kashe riga-kafi kafin a girka ta, ta riga ta faɗi abin da ke cikinta.

Na ƙarshe shi ne kwafi. Kowane mako ina kwafe takardu da hotuna a ma'ajiyar waje, ina gamawa in zare wayarta, domin masu kulle fayil suna kulle duk ma'ajiyar da suka tarar a jone. Ranar Talata ta biyu a kowane wata Microsoft ke sakin gyare-gyarensa, don haka ranar Laraba nake duba sabuntawa in yi cikakken bincike. In na ji shakku, sai in yi Microsoft Defender Offline scan, wanda ke sake kunna kwamfutar ya bincika ta kafin Windows ya tashi, cikin kamar minti 15.