Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Ƙullutun Damtsena

Makon jiya na tsaya a rasuwar Baba. Shekarun da suka biyo baya ɗinki ne da goyo, ba abin faɗa. Abin da ke cina har yau maganar Gwaggo ce: "Ƙullutun da bai hana ki tuƙa tuwo ba, bar shi inda Allah ya ajiye shi." Da ita ta rufe mini baki shekara da shekaru.

Yana cikin damtsena na dama, sama kaɗan da gwiwar hannu, bai kai ƙwan zabuwa ba. In na bige shi a jikin keke, sai wani abu ya tsarga mini har ƙaramin yatsa da rabin na kusa da shi. Kawu ya ce jifa ne, a kira wanzami ya tsaga. Eksire bai nuna komai ba, ashe ƙashi yake gani. Wani ma'aikacin asibiti ya latsa ya ce kitse ne, Gwaggo ta samu abin riƙewa.

Wata likita ce ta ƙwanƙwasa shi da yatsa, na zabura. Ta tura shi gefe ya motsa, ta tura sama da ƙasa ya ƙi. Sai ta aike ni sikanin, irin na masu ciki. Mai hoton ya juyo mini da allon: ga abin nan dogo-dogo, jijiya ta shiga ta sama ta fita ta ƙasa. Ya ce, "Hajiya, kada ki yarda kowa ya sa masa aska." Da an bi ta Kawu, da yatsun nan biyu sun lanƙwashe, ni da almakashi sai kallo. Har Kawu ya rasu bai taɓa cewa komai a kai ba.

Sai aka ce a yi MRI, wani hoton cikin jiki. Kuɗinsa adashena ne ya tafi, ba wanda ya tallafa. Aka sa na cire 'yan kunne da awarwaro saboda maganaɗisun injin, na kwanta cikin ƙara ba motsi. Sakamako ya ce schwannoma, ƙari ne da ke tsirowa daga rigar jijiya, ba ciwon daji ba, ko da yake sai an cire an gwada za a tabbatar. A gefen jijiyar yake zaune, ana iya ɓare shi a bar ta. Tuwo dai ina tuƙawa, Gwaggo, amma allura ta fara suɓuce mini.

Saura takardar tiyata, wadda Baban yara ya ƙi sa wa hannu. Wannan sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.