Bodin akori-kura a Ostareliya: alminiyum ko baƙin ƙarfe

A nan Ostareliya akori-kura ce jakin ma'aikaci. "Ute" suke ce mata, kuma mai aikin famfo, mai wayarin, birkila, kowa da tasa. Da yawa babu bodi ake sayar da su, kan mota ne kawai da shasi tsirara a baya, HiLux ce ko Ranger ko D-Max, kai za ka sa a ɗora maka shimfiɗaɗɗen bodi mai gefuna da ake saukewa. A nan ake tambayarka: alminiyum ko baƙin ƙarfe? Bahaushe kafin a rufe baki zai ce ƙarfe. Mun taso muna ganin akori-kura ta fito daga Dawanau buhuna sun fi kan motar tsawo, alminiyum kuwa a wurinmu na tukunya ne da kwanon rufi.

To, nan sikeli ke da magana. Kowace mota da iyakar nauyin da doka ta yarda ta kai, GVM, yana rubuce a takardunta. Abin da irin waɗannan motoci ke iya ɗauka galibi bai wuce tan guda da 'yan kai ba, kuma idan babu bodi ka saye ta, daga cikinsa za a cire nauyin bodin, da naka, da na abokan aiki, da akwatin kayan aiki, da ƙarfen gaba da ake sawa saboda kangaru. Bodin alminiyum yakan kai kilo 100 zuwa 150, na ƙarfe kuma 200 zuwa 300, gwargwadon tsawo da kauri. Tazarar kilo 100 buhun siminti biyar ke nan, don buhunsu na nan kilo 20 ne, ba 50 irin namu ba. Ka wuce iyaka a tare ka, tara ce. Ka yi hatsari da lodin da ya wuce ƙa'ida, inshora na iya ƙin biya. Kafin ka fara aiki da motar, ɗora mata kayanka na kullum, cika tanki, ka hau sikelin auna motoci ka ga abin da ya rage maka.

Mai ƙofa huɗu ta fi bukatar lura. Bodinta wajen mita 1.8 ne, kuma kaso mai yawa ya zarce tayoyin baya. Bodin ƙarfe, ga janareto ko tankin ruwa can ƙarshe, ga gargadar hanya, shasi na iya lanƙwashewa tsakanin kai da bodi. Kaya mai nauyi a jingina shi da allon gaba, a ɗaure da bel mai ƙugiya.

Alminiyum ba ya tsatsa, shi ya sa ya dace da biranen bakin teku irin Perth da Brisbane. Amma yana loɓawa idan ana jefa masa duwatsu ko rodi, kuma a hanyar burji mai gargada yakan tsage daidai wurin walda. Sannan inda notin ƙarfe ya taɓa shi, ga danshi da gishiri, sai ka ga farin gari yana fita, yana cinyewa a hankali. Maganinsa wosha ta roba da man da ke raba ƙarfe biyun. Shi kuwa baƙin ƙarfe, duk inda fenti ya kankare tsatsa ta samu ƙofa, sai a nemi wanda aka tsoma a zinki, a riƙa wanke ƙarƙashi. A ganina mai wayarin da mai famfo a cikin gari alminiyum ne nasu. Mai ɗaukar tsakuwa, bulo ko aikin gona, ya ɗauki ƙarfe ya haƙura da ragin lodi.

Abin da ke ci mini rai shi ne gyara. Waldar alminiyum sai da iskar agon da inji na musamman, sai ka nemi layi a ba ka rana, a caje ka kuɗin awa. Babu mai walda a bakin titi da za ka yi wa sallama, ya ce kawo, ka zauna a benci ana hira har ya gama. Ƙanena aikinsa ke nan a gida. Tsagewar da a nan za ta cinye maka kwanaki, shi kafin la'asar ya ɗinke ta. Da na gaya masa ana auna mota da bodinta, cewa ya yi, "Yaya, to ƙarfen ma laifi ne a can?" Awa bakwai Perth ta riga Kano, lokacin da nake tashi daga aiki shi yake buɗe shago, ina jin ƙarar injinsa a waya, yana ce mini Inna na tambaya ko da Babbar Sallah zan zo.