Ranar da Muka Kai Juliette Dandali

A shekararmu ta ƙarshe a sashen Faransanci aka ɗora mini nauyin shirya wasan kwaikwayo na bikin 20 ga Maris, ranar ƙasashe masu magana da Faransanci, wadda ta samo asali daga yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Yamai a 1970. Muka zaɓi wasan Trois prétendants... un mari (wato Manema Uku... Miji Ɗaya) na Guillaume Oyônô Mbia ɗan Kamaru, wanda aka buga a Yawunde a 1964.

Labarin kamar a gidan maƙwabcinmu ya faru. Juliette, wata ɗaliba, ta dawo hutu ƙauyen Mvoutessi, ta tarar dangi sun karɓi kuɗin aurenta sefa 100,000 daga wani manomi, ga kuma ma'aikacin gwamnati ya zo da 200,000, ba wanda ya tambaye ta, alhali zuciyarta na kan wani ɗalibi da bai ajiye ba bai ba wani ajiya ba.

Makonnin farko hadda kawai muka yi ta yi. Kowa ya riƙe kalmominsa tsaf, amma idan aka hau dandali sai ka ji kamar ana biya allo. Abin ya dame ni ƙwarai. Wata rana da la'asar na ce a rufe takardu, kowa ya yi fitowarsa da Hausa yadda ta zo masa. Wanda ke fitowa a matsayin kaka Abessolo ya buɗe baki da faɗan tsofaffi: tun yaushe mace ta fara magana a taron maza? Nan take muryarsa ta sauya, tafiyarsa ta sauya, har ya nemi sanda. Da muka koma Faransanci, tsohon bai fita daga jikinsa ba. Daga ranar, duk fitowa sai mun fara dafa ta da Hausa.

Na kuma gane cewa yawancin masu kallo 'yan wasu sassa ne, bonjour kaɗai suka sani. Sai muka rage tsawon wasan, muka sa mai shela da kalangu yana fitowa tsakanin kashi da kashi, ya taƙaita abin da ke tafe cikin jimla uku ko huɗu. Na so in yanke fitowar boka Sanga-Titi saboda lokaci, abokaina suka hana, kuma su ne da gaskiya, domin a nan zauren ya fi barkewa da dariya.

Kuskurena shi ne ban taɓa gwada wasan a babban zaure ba sai ranar. Muryar Juliette ba ta kai kujerun baya ba, kuma har yau ina jin ciwon hakan, don ta sha wahala.

Bayan an gama, ba wanda ya yi maganar nahawu. Wata ɗalibar shari'a ta miƙe ta ce a Musulunci sadaki haƙƙin amarya ne, wannan kuɗin da dangi ke rabawa wani abu ne daban. Wani ya ce, to kayan lefe da kuɗin gaisuwa fa? Muhawara ta kaure da Hausa da Faransanci a haɗe, har aka kira magariba muna kwashe kujeru ana ci gaba da musu a bakin ƙofa.