Ibid. ɗin da ta ci mini wata huɗu

Jiya na miƙa kundina na digiri na biyu, aka sa hannu, na fito. Wata huɗu ke nan da lokacin da ya kamata in gama, kuma binciken kansa ba wanda ya ce masa uffan. Wata 'yar kalma ce mai harafi huɗu a ƙasan shafi ta riƙe ni: ibid.

Duk wanda ya yi aiki da tsarin Shikago, ɗaya daga cikin tsare-tsaren nuna madogara a rubutun bincike, ya san ta. Guntuwar kalmar Latin ce, ibidem, wato "a wuri guda", tana nufin aikin da aka ambata a tushen bayanin da ke samanta, wato ɗan bayanin madogara mai lamba da ake sawa a ƙasan shafi. Ba ta ɗauke da sunan marubuci ko shekara. Da maƙwabcinta na sama take rayuwa, idan ya tashi kuwa, duk wanda ta tarar a wurin shi za ta bi.

Saura mako biyu in kare kundi, malamin da ke duba aikina ya kira ni ofis. Ya buɗe babi na biyu, ya ja layi da jan biro, ya ce shafuka shidan nan a mayar da su babi na uku. Na ce, "Ranka ya daɗe, lokaci fa ya ƙure." Ko ɗago kai bai yi ba ya ce ai aikin minti biyar ne a kwamfuta. Haka kuwa aka yi. Na yanke, na liƙa, manhajar Word ta sake jera lambobin tushen bayani da kanta, ta 41 ta koma ta 67, komai tsaf. Har sa wa manhajar albarka na yi. Ashe lamba kawai ta iya ƙirgawa. Tushen bayani na farko a cikin abin da na ɗauke ibid. ne, da wasu huɗu jere a bayansa. A tsohon mazauninsu wani littafi mai kauri suke nufi. A sabon wurin sai suka faɗa ƙarƙashin wata gajeriyar maƙala ta mujalla.

Ranar kare kundi, Farfesar da aka gayyato daga wata jami'a ta bar ni na yi bayanina har ƙarshe. Sannan ta gyara tabarau, ta ɗora yatsa a ƙasan shafi.

"Malam, maƙalar nan shafi nawa ce?"

"Ashirin da biyu, ranki ya daɗe."

"To ina ka samo shafi na 213?"

Yawun bakina ya ƙafe. Abin bai tsaya nan ba, don mai maƙalar akasin ra'ayin mai littafin yake da shi, ga shi na cusa masa maganar abokin jayayyarsa a baki har sau biyar. Wani daga cikin malamai ya fara zancen ko da gangan aka ƙirƙiri madogarar. Na dubi mai duba aikina, ina jiran ya ce shi ya sa aka yi sauyin a ƙurarren lokaci. Sai ya gyara zama ya ce, "Na sha gaya masa ya riƙa lura." Bai taɓa gaya mini ba, ko sau ɗaya. Laifin rashin dubawa nawa ne, ban musa ba, amma jimla ɗaya daga bakinsa da ta raba kuskure da ha'inci a idon mutanen ɗakin.

Hukuncin shi ne in bi kowane tushen bayani, sama da ɗari uku, in tabbatar da shi daga asalin littafin. Waɗansu littattafan aro ne, tuni na mayar. A cikin wannan wahala ne na gano cewa tun bugu na 17, na shekarar 2017, littafin ƙa'idojin Shikago ya daina ƙarfafa amfani da ibid., ya fi son a sa sunan marubuci da guntun take da lambar shafi. Takardar ƙa'idojin madogara da sashe ya raba mana kuwa kwafin kwafi ce, har haruffan sun dushe, ba wanda ya san daga wane bugu aka ciro ta.

Sauran abubuwan da na koya ƙanana ne. Kada a ce maka APA (wani tsarin madogara daban da Shikago) kawai ka tafi, tambayi wane bugu: na bakwai, da ya fito a 2019, ya cire garin maɗaba'a, kuma marubuta uku zuwa sama sunan na farko da et al., wato "da sauransu", ake sa musu tun ambaton farko. Zotero, manhajar tsara madogara, na rage wahala, amma abin da ka zuba masa shi zai mayar maka. Lambar shafi a rubuta ta lokacin da littafin ke hannu. Duk sunan da ke cikin rubutu a nemo shi a manazarta, na manazarta ma a nemo shi a ciki.

Da zan fita jiya, Malam ya miƙo mini hannu yana murmushi, ya ce, "Ka ga amfanin tsanantawa." Na ce, "Na gode, ranka ya daɗe." Sunansa na nan a shafin godiya, layi ɗaya. Sau biyu na duba, ba kuskure ko na waƙafi.