Daga Damagaram zuwa bakin tafkin Saimaa

'Yan uwa masu tambaya ta yaya garin da nike a Finlan yake, to sunanshi Savonlinna, kuma rabinshi a kan tsibirai yake zaune cikin tafkin Saimaa, in za ka kasuwa sai ka hau gada, in za ka aiki wata gadar. Mu da muka tashi muna jera bido tun asuba muna jiran pampo ya kawo, wallahi farkon zuwana in na ga ruwan nan shimfiɗe ba mai ɗiba sai zuciyata ta yi nauyi, in tuna tsohuwata.

Saimaa shi ne tafki mafi girma a ƙasar, wajen murabba'in kilomita 4,400, amma ba za ka tsaya ka hango shi fili guda ba, ya rarrabu lungu-lungu da tsibirai sun fi 13,000, ko'ina itace. Wani abokin aikina ya ce min ƙanƙarar zamanin da ce ta danne ƙasar ta ƙwaƙule dutse, da ta narke shekaru wajen 10,000 da suka wuce sai ruwa ya cika ramukan. Duwatsun kam sulɓi gare su kamar na unguwar Birni a Damagaram, su suka fara sa na ji ban yi baƙunta sosai ba. Ruwan ta kogin Vuoksi yake fita ya faɗa tafkin Ladoga a Rasha.

Lokacin sanyi tafkin daskarewa yake, mutum ya taka da ƙafa ya huda rami ya zauna kan bokiti yana kamun kifi. Akwai wani ƙaramin kifi muikku, a soye ake saida shi a kasuwar bakin ruwa, shi na fi saye.

Abin da ya fi shiga raina wata dabbar ruwa ce, norppa irin ta Saimaa, duk duniya nan kaɗai take, ɗaruruwa ƙalilan suka rage. Cikin tudun dusar ƙanƙara take haihuwa wajen Fabrairu zuwa Maris, shekarar da dusar ta yi ƙaranci mutane ke fita da shebur cikin sanyin nan su tara mata, ba mai biyansu ko dala. Daga tsakiyar Afrilu zuwa ƙarshen Yuni kuma an hana kafa raga a wurarenta don kar 'ya'yan su maƙale. Bana in Allah ya kai mu ina so in bi masu sheburin nan, har na fara tambayar inda ake rubuta suna.