Kwana tara saƙonnin ofishinmu suna ɓacewa ban sani ba

Ofishinmu na aika kaya yana Misfala, da ƙafa ake zuwa Harami daga nan. Masu hulɗa da mu alhazai ne da 'yan umara, sai 'yan kasuwa masu saro abaya da dabino da turare su tura Kano. Awa biyu Makka take gaban Najeriya, don haka mutum zai idar da isha'i a gida ya buga mana waya, mu kuwa mun kulle. Sai ya bar saƙon murya a layin ofis, a kwana biyu ba wanda ya saurara. Kawu, mai ofishin, ya ce in nemo yadda saƙon zai riƙa iske shi a imel.

FreePBX muke amfani da shi, manhajar da ke tafiyar da wayoyin ofis, kuma haɗawar ba ta wahalar da ni ba. Na nuna wa Postfix, manhajar da ke aika imel daga na'urarmu, sabar Gmail ta ƙofa 587, na kunna tabbatarwa ta mataki biyu, na ciro kalmar sirri ta musamman mai harafi 16 wadda ake ba na'ura. Na kira da wayata na yi sallama, kafin minti ɗaya ga muryata a imel ɗin Kawu.

A ƙasan shafin saita saƙon murya akwai zaɓi guda: a goge saƙo daga na'urar da zarar an aika shi. Na kunna shi, kuma ina da dalili. Akwatin saƙon murya na Asterisk, manhajar da FreePBX ke aiki a kanta, saƙo 100 yake ɗauka idan ba a ƙara masa ba, in ya cika mai kira ba zai iya barin komai ba. Sannan jar fitilar wayar tebur da ke ƙiftawa muddin akwai saƙon da ba a ji ba tana damun Kawu. Ban tsaya na tambayi kaina abin da zai faru ranar da imel ɗin ya ƙi tafiya ba. Na'urar ba ta jira ta ga saƙo ya isa. Tana miƙa shi ga Postfix take goge nata kwafin. Ita kuma fitilar da na kashe, ita kaɗai ce za ta iya nuna mana an kira.

Ƙarshen Sha'aban wani ma'aikacinmu ya bar aiki, Kawu ya sauya kalmar sirrin Gmail ɗin ofis, kuma daidai ya yi. Abin da ban sani ba shi ne, sauya babbar kalmar sirri yana soke duk ƙananan nan masu harafi 16. Daga ranar imel ya tsaya. Azumi ya kama, aiki ya yi mana yawa, muka ɗauka mutane sun koma WhatsApp ne. Har yanzu wannan yana ci mini rai. A Ramadan, lokacin da Makka take cike, a ce kwana tara ba mutum ɗaya da ya bar saƙo, kuma ban yi zargin komai ba.

Wata Hajiya 'yar kasuwa ce ta tono maganar. Ta samu Kawu a wayar hannunsa, ina jin muryarta daga teburina.

"Alhaji, sau biyu na bar muku saƙo. Na ce kayana a sa su a jirgin sama, kasuwar Sallah nake so in riska."

Katan goma sha biyu na abaya. Mun riga mun loda su a kwantena sun tafi tashar ruwa ta Jidda, kuma kayan da suka bi ruwa ba za su isa Kano kafin Sallah ba. Kawu ya ba ta haƙuri ya ajiye waya, ya juyo ya ce, "Ɗana, ina saƙon Hajiya?" Na buɗe akwatin, fanko.

Bayan tarawihi na zauna na buga mailq, umarnin da ke nuna imel ɗin da ba su tafi ba. Saƙo 31 ne a jere suna jira, kowanne da bayanin cewa an ƙi karɓar kalmar sirri. A nan na ɗan samu numfashi, domin Postfix ba ya jefar da abin da ya kasa aikawa nan take, yana ta sake gwadawa har kwana biyar. Na ciro sabuwar kalmar sirri na sa, na tura masu jiran gaba ɗaya, wayar Kawu ta yi ta ƙara. Amma kwana biyar ne kawai. Na kwana huɗun farko sun wuce wa'adi, kuma na Hajiya duka biyun suna ciki. Da ban kunna gogewar nan ba, da suna nan zaune a na'urar, fitila tana ƙiftawa, ko mai shara ya shigo zai gani ya faɗa.

Rajistar kira ba ta goge ba, sai na ciro lambobin na bi su ɗaya bayan ɗaya ina ba da haƙuri ina tambayar abin da suka ce. Wasu sun manta, wasu sun riga sun kai kayansu wani wuri.

Na kashe gogewar a daren. Na buɗe wa na'urar imel nata daban wanda ba mai taɓa kalmar sirrinsa sai ni, duk ranar Lahadi kuma nakan share tsofaffin saƙonni da hannuna. Kullum da safe kafin in zauna sai na kira layin na bar sallama, in ga ta iso.

Kawu ya mayar wa Hajiya kuɗin aikawa daga aljihunsa, bai cire ko riyal ɗaya a albashina ba, bai kuma sake tayar da maganar ba. Bayan Sallah ta dawo umara. Na hange ta da katan-katan ɗinta a ƙofar ofishin da ke kallon namu.